Wushiryar Mai Kitso

Zuwa ga Ummata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwar nan? Ki gaishe min da Yaya da yaranta.

Na san Yaya ta riga ta tsegunta miki ina rigima a ofis, to ji daga bakina. A sansanin 'yan gudun hijira inda nake ɗaukar hotuna akwai wata mata mai kitso. Shekara uku ke nan 'yarta ta ɓace mata a turmutsitsin shiga mota ranar da suka gudo, yarinyar tana da shekara huɗu. Matar ta yarda in ɗauke ta hoto bisa sharaɗi ɗaya, wato hoton da za a buga ya zama tana dariya. Ta ce wahala ta cinye mata kumatu, ko ita da ƙyar take gane kanta a madubi, amma wushiryarta tana nan, kuma 'yar ta saba cusa ɗan yatsa a ciki. In aka buga ta baki a rufe, wa zai gane ta?

Na yi mata alkawari. Sai ga editan mujallarmu ya zaɓi wani hoton daban don bango, wanda hayaƙin murhu ya sa ta hawaye. Wai mai dariya ba ta ba mutane tausayi. Tausayi! Umma, matar nan ba tausayi take nema ba, 'yarta take nema. Na faɗa masa haka a gaban kowa, ya yi kicin-kicin da fuska kamar an cinye masa abincin rana.

Ki sa ni a addu'a, amma kada ki ce in yi haƙuri.

Taki,
Auta mai kunnen ƙashi

*

Ummata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an canja miki magani, Allah ya sa a dace.

To, ta faru. Ni nake kai hotuna maɗaba'a, don haka da hannuna na miƙa na dariyar, na kuma rubuta lambar wayata a ƙarƙashinsa. Ban ɓoye ba, na bar wa edita takarda a kan teburinsa, shi ne bai duba ba sai da mujalla ta shiga kasuwa. Jiya aka ba ni takardar sallama. Shekara tara ina shiga taɓo da kyamara a wuya, ina cire takalmi a ƙofar tantin mutane, amma kayana duka kwali ɗaya suka cika.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi kuka a bayan ofis, kuma ina jin tsoro. Yaya ta ce in je in ba shi haƙuri. Wallahi ƙafata ba za ta taka ba. Kyamarar tawa ce, ba su suka saya min ba.

'Yarki,
Auta

*

Ummata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki? Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Wata biyu shiru, har na daina zabura in waya ta yi ƙara. Shekaranjiya wata malamar gidan marayu ta kira ni. Ta ce ta naɗe littattafan yara da tsohon bangon mujallar, sai wata yarinya ta ɗora yatsa a kan haƙoran hoton, ta ƙi sakin littafin, ta ƙi cin abinci.

Na ɗauko mai kitso muka tafi. Duk hanya tana murɗa bakin mayafinta. Da aka fito da yarinyar, ta tsaya nesa tana kallonmu, ba ta gane kowa ba. Uwar nan hawaye na zuba ta daure ta buɗe baki ta yi dariya. Umma, sai yarinyar ta tako a hankali, ta miƙa yatsa.

Labari ya kai wa edita. Ɗazu ya kira da murya kamar zuma, wai in dawo aiki, in zo da hoton haɗuwarsu, za a sa a bango. Na ce masa babu. Ya zaci ja masa rai nake. Wallahi babu, Umma. Kyamara na rataye a wuyana tun farko har ƙarshe, ban ɗaga ta ba, don wannan ba na kowa ba ne sai su biyu.

Ranar Asabar ina tafe. Kada ki rufe baki da mayafi in kin gan ni, wushiryarki nake so in fara gani.

Taki har kullum,
Auta mai kunnen ƙashi