Ni Na Kwashe Kujerun Makarantar 'Yata

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kwana uku ke nan ko abinci ba na iya ci.

Ni direba ne, ina jan babbar motar wani ɗan kwangila. Gwamnati ta ba shi aikin kai kujeru makarantun firamare na unguwannin talakawa, wai don kada yaro ya ƙara zama a ƙasa. Amma kujeru sittin kacal ya sa aka yi. Sai mu kai su makaranta mu jera, manya su zo da jerin motoci, a kafa rumfa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Ranar Asabar mu koma mu kwashe, mu ce wa maigadi fenti za a kai su. Mako na gaba mu sauke a wata makarantar. Makarantu tara muka zaga da su, har na gane wadda ƙafarta ke rawa. Oga kuwa ya ɗora bene a kan gidansa.

Da farko ban damu ba. Ina cewa na ci ladan kuturu, dole in yi masa aski. Sai ga shi makaranta ta tara ta 'yata ce, 'yar aji huɗu. Ranar da muka sauke, ta zaga aji tana shela cewa babanta ne ya kawo. Ranar kwashewa ko fitowa daga mota ban yi ba, na ja hula na rufe fuska har aka gama lodi.

Yanzu iyaye sun ce hedimasta ne ya sayar da su. Shi kuma ya ce motarmu ce ta zo ta kwashe, oga ya musa, ya nuna takardar karɓa da tsohon ya sa wa hannu. Malama, wannan hedimastan shi ya koya mini rubuta sunana. Wata biyar ya rage ya yi ritaya, ga shi ana nuna shi da baki in ya wuce a kan kekensa. Asabar mai zuwa iyaye za su yi taro don a nemi a kore shi. Jiya 'yata ta ce mini, "Baba, tunda kai ka kawo su, ka je ka taya su kama ɓarawon." Kunya ta kama ni kamar in nutse. In na yi magana aikina ya tafi, ga iyali bakwai. Yaya zan yi?

Direba mai jin kunya

Ɗan'uwa, kunyar nan alama ce zuciyarka ba ta mutu ba. Ba kai ka tsara cutar ba, ba kai ka hau benen ba, kuma tsoron rasa abin ciyar da iyali ba abin raini ba ne. Amma kada mu yaudari juna: hannunka ne a kan sitiyari, kuma shirunka ne zai ci mutuncin dattijon da bai ci nanin ba.

Kada ka jira Asabar. Gobe ka je gidansa, ka gaya masa komai, ka nemi gafara. Ka rubuta sunayen makarantun tara da ranakun kaiwa da kwashewa, shi zai tuntuɓi sauran hedimastocin. Muryar mutum ɗaya ana iya danne ta, ta mutum tara da wuya. Ka lallaɓi masu lodi, ko ɗaya ya tsaya maka. A taron, ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, ban da zagi.

Ba zan ce maka aikin zai tsira ba. Ka shawarci maiɗakinka, ka fara cigiyar wata motar tun yau. Direba mai lasisi yakan sami wani ubangida, amma tsohon nan in aka kore shi da sunan ɓarawo, da shi zai shiga kabari.

Sannan ka zaunar da yarinyar nan ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a waje. Za ta yi kuka. Bar ta ta yi, ranar Asabar kuma ka je da ita ta ga ka miƙe.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya musanya maka da abincin da ba sai ka rufe fuska ba.