Guɗar da Na Yi a Bakin Kasuwa

Zuwa ga Yayata Fati,

Gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah ta kai gare ki inda kike kwance. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma sai kin nemi ɗan lakwal, yaron makarantar boko, ya karanta miki, kina dariyar rubutuna mai kama da sawun kaji a tabo. Amma tun da na shiga karatun manya, ke ce ta farko da na so in rubuta wa, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin in faɗa wa mai rai.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau a Tanda, kogi ya cika. Matan da kuke saro kifi tare a Tunuga har yau ba wadda ta shimfiɗa tabarma a wurinki na kasuwa. 'Yarki Mariyama ta haifi namiji mai irin goshinki. Wurina ta zo wankan jego, tunda ni ce uwarta yanzu, na kuma riƙe ta bayan arba'in, na ce ba inda za ta sai ta yaye.

Kin tuna ke kika roƙe ni haka? Kina kwance, jini ya ƙi tsayawa, kika damƙe hannuna kika ce kada in bari a yi wa Mariyama yadda aka yi miki. Goyo a baya, ciki a gaba, shekara kan shekara. Kullum kika zo gida hutawa sai a biyo ki da biko tun yaro bai zauna ba, kuma idan cikin ya fito ke ake nunawa da baki ana cewa kin yi kwanika, kamar ke kaɗai kika yi shi. Na ce miki na ɗauka. Da bakin nan nawa na faɗa.

To, Yaya, bayan Sallah aka yi taron jam'iyya a bakin kasuwa. Baƙi suka zo daga Yamai, cikinsu har da wata ungozomar likita, siririya, mai tabarau. Ita ta tayar da maganar. Ta ce tunda an ba mace kuri'a kamar namiji, a ba ta ikon hutawa tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma idan ta kai ƙara a saurari bakinta yadda ake sauraron na mijinta. Wuri ya yamutse. Masu kamyo, manyan motocin kaya, suka ce dabarar Nasara ce ta rage mu. Wani tsohon malami ya ce shayarwar shekara biyu ai a Littafi take, aka bi ta kansa da hayaniya. Sannan dipite, wakilinmu a majalisa, ya miƙe ya ce ƙasa sabuwa ce, fili ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan, don haka aikin da mace za ta yi wa 'yancin kai shi ne ta cika gida da 'ya'ya, sauran magana kuma ta maza ce.

Ni na san baƙin na tafe, kuma na shirya. Ina daka ina bitar maganata, ina wanki ina bitarta. Sunanki zan kira, in faɗi yadda kika ƙare, in tambaye su ƙasar ta ƙaru da me ranar da aka kai ki. Dipite na zama na miƙe, sanye da zanen jam'iyya.

Kin san ni da guɗa. Tun muna 'yan mata ba bikin da ake yi a Gaya ba a aiko mini ba, har kina tsokanata wai ana jiyo ni daga Malanbil, tsallaken kogi. Tun da aka fara siyasar nan kuwa ba a taɓa ganin mace ta tashi a taro ba sai don rawa ko guɗa. Sakataren komitin jam'iyya na ganina tsaye sai ya washe baki, ya sanar cewa ga Hajo za ta ba da amsar matan Gaya. Makaɗi ya buga. Idanu suka yo kaina, kowa na murmushi yana jira. A nan na tuna ni ban taɓa haihuwa ba, na ji tun kafin su faɗa yadda za su ce juya ce take baƙin ciki da masu haihuwa. Ban taɓa gaya miki ba, wannan kalma ita nake tsoro duk rayuwata, har wani lokaci nakan yi kishin cikin nan naki da ya kashe ki.

Yaya, hannuna ya tafi hanci shi kaɗai. Na rangaɗa guɗa, doguwa, irin wadda ban taɓa yi ba. Aka yi ta tafi. Ungozomar ta cire tabarau ta dube ni, ta zauna. Kunyar kallon nan har yau ba ta sake ni ba.

Ba a yi mako ba dangin mijin Mariyama suka zo da goron biko. Na buɗe baki zan hana, sai baffansa ya tuna mini cikin ladabi cewa gari duka ya ji amsata a bakin kasuwa. Me zan ce? In ce guɗar ba tawa ba ce? Mariyama ta ɗaure kayanta da kanta. Da za ta fita ta durƙusa ta yi mini godiyar ruwan zafi da kunun kanwa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya aka aiko. Tana da ciki, yaron kuwa ko rarrafe bai iya sosai ba. Gobe zan je in ɗauko shi yaye, aikin da ke ya kamata ki yi. Na jiƙa gero, na wanke majanyinki. Zai nemi nono, ni kuma koko kawai gare ni.

Ba na cewa ki yafe mini, ban kai nan ba tukuna. Tambaya ɗaya ce take hana ni sukuni. Idan Allah ya sauke ta lafiya za su aiko a kira ni guɗa, kuma ban san yadda zan yi da bakina ba. Idan kuma bai sauke ta ba, Yaya, ke za ta fara tararwa, kuma za ki tambaye ta ina nake.

Allah ya haskaka makwancinki. Ki huta, ke da ba a bari kin huta ba.

Ni ce ƙanwarki da ta ce ta ɗauka,
Hajo