Labule a Rufe da Rana Tsaka

Friesland, ƙasar Holan
Talata, 11 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Baukje,

Gaisuwa mai yawa gare ki da duk mutanen gidanki a can Kanada. Ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya sassauta miki ciwon gwiwar da muka gada wurin Inna, ke ta hagu, ni duka biyun. Ni dai ina nan ban mutu ba, ko da yake yadda wasiƙunki suka yi ƙaranci, wani sai ya ɗauka an daɗe da binne ni. Shanu shida suka rage, maƙwabcina Douwe ke tatsarsu yanzu, yana yi yana mita kamar da su aka ɗaura masa aure. Ruwa bai ɗauke ba tun Janairu, gona duk ta zama taɓo. Ki yi haƙuri da rubutun. Ke aka bari a makaranta, ni aka cire ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka miƙa mini bokitin madara. Yau kwana uku nake fama da takardar nan.

Takardar dillali ta iso, wadda kika ce in sa hannu a sayar da gidan Inna. Na karanta ta sau biyu da tabarau, na danne ta da gwangwanin biskit, kuma nan za ta zauna. Na san za ki ce taurin kan Sjoerd ya motsa. To, ya motsa. Ban manta ba, da aka binne 'yata Renske, kati kika aiko mai hoton fure da layi huɗu, ke da kika riƙe ta a coci ranar baftismarta. Kin ce likita ya hana ki hawa jirgi. Bakina ya yarda, zuciyata ce ba ta yarda ba tukuna. Amma ba don wannan na ƙi sa hannu ba. Akwai mutum a gidan, kuma sai na fara daga kan Renske kafin ki gane.

Abin da kowa ya sani shi kika sani: mijinta Tjeerd ya kashe ta a ɗakin girkinsu shekara biyu da suka wuce, yanzu yana kurkuku. Ga abin da ba ki sani ba. Kin tuna layinmu, labule a gefe, duk mai wucewa ya ga teburinka da tukunyar furenka. Inna ba ta taɓa jan labule da rana ba sai ranar da Baba ya rasu. To, wajen shekara uku kafin abin ya faru, Renske ta fara rufe nata da rana tsaka. Sai in wuce a keke in gan shi a rufe ruf. A ƙofar coci Douwe ya tambaye ni wa ya mutu a gidan 'yata ba a sanar ba, ko kuwa sabuwar talabijin suka saya ba sa so talakawa su gani. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma kunya ta kama ni har wuya. Baukje, ko sau ɗaya ban kawo tsoro a raina ba. Girman kai na kawo. Na ce ai ta yi aiki a shagon magani a birni, ta ɗauko halin mutanen can, ta fi ƙarfin a ga ɗakinta. Na yi fushi na daina ƙwanƙwasawa.

Wata Lahadi bayan coci, muna shan kofi a gidansu, na yi mata faɗa a gaban Tjeerd, na ce ta buɗe labulen nan ta daina ba mu kunya a gari. Ya yi dariya ya ce in gaya mata dai, shi ya gaji da faɗa, ya sake buɗe gwangwani ya miƙa mini biskit na biyu. Ke kin san gidajen da ake ba mutum na biyu ba su da yawa, sai na tafi ina yabonsa a raina. Ita kuwa kofinta kawai take kallo, da riga mai dogon hannu a tsakiyar Agusta.

Da kaka ta shigo, masu haya suka tashi daga gidan Inna. Renske ta zo ta same ni a wurin tatsa, ta naɗe hannun riga kaɗan ta taya ni wanke bokitai, kamar lokacin da take yarinya. Ba ta dube ni ba ta ce, “Baba, gidan Kaka ba kowa yanzu, ko? Ka ba ni mabuɗin mana, in riƙa zuwa ina hutawa.” Na ce gidan ya yi danshi, bututun hayaƙi ya toshe, kuma matar aure mai gidanta mai ɗumi me mutane za su ce idan suka gan ta tana kwana a kango. Mabuɗin yana cikin aljihuna a lokacin, ina jin sanyinsa a cinyata. Ta ce, “To, shi ke nan, Baba.” Ta sumbace ni a kumatu ta hau kekenta. Mako shida kawai aka yi, Tjeerd ya kashe ta. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, har fasto, ke ce ta farko.

Yanzu ga maganar mai zama a gidan. Sunanta Hiske, matar Auke mai gyaran tarakta, gida na uku daga coci. Ba ki san ta ba, bayan tafiyarki aka haife ta. A watan Nuwamban bara na wuce ƙofarsu wajen sha ɗaya na safe, labule a rufe. Washegari ma haka. Na je na duba allon sanarwa na coci, ba wanda ya mutu. A rana ta uku na jingine keke na ƙwanƙwasa, ban yi waya ba, ban nemi a sa mini rana ba, kamar wanda ba shi da tarbiyya. Ta buɗe ƙofa faɗin tafin hannu ta ce kanta ke ciwo. Na ce ni kuma gwiwata ce, kuma ba na tsammanin za ta bar tsoho ya faɗi a bakin ƙofarta gari yana kallo. Ta kauce na shiga, na zauna har dole ta dafa kofi. Da hagu ta zuba, dama a naɗe take cikin ƙyalle. Ban iya magana mai daɗi ba, kin sani, don haka ban yi ba. Na ajiye mabuɗin gidan Inna kusa da kwanon sukari, na ce an gyara bututun hayaƙin, na tashi na tafi. Bayan kwana tara na hango hayaƙi yana tashi daga rufin Inna. Na tsaya a tsakiyar gona cikin taɓo, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Daga baya wasu mata masu taimakon irinta suka zo daga birni, hukuma kuma ta hana Auke kusantar gidan. Ɗaya daga cikinsu, Marrit, wadda na isa in yi jika da ita, ta zaunar da ni ta ce kada in riƙa ba Hiske umarni, kada in tambaye ta me ya zaunar da ita duk shekarun nan, kada kuma in je wurin Auke da cebur. Na gaya mata tun ba a haifi uwarta ba nake tatsar shanu. Amma ina bin maganarta, kada ki gaya wa kowa. A gari wasu sun rage gaishe ni, suna cewa na sa baki a auren mutane. Douwe yana kirana sabon ango, amma shi ɗin ne ke kai wa Hiske miyar wake daga matarsa duk Juma'a. Kullum ƙarfe goma ina ɗakin girkin Inna. Hiske tana ce mini tsohon bijimi, ta ce kofin da nake dafawa ruwan kwata ya fi shi daɗi. Ba ta kama da Renske ko kaɗan, gajera ce mai surutu idan ta sake. Amma wani lokaci in ina zaune nan sai in ji keke a kan tsakuwar hanya, in juya da sauri, sai in ga mai kawo wasiƙu ne.

Ranar Alhamis da ta wuce dillalinki ya zo da igiyar awo, ya ce wa Hiske mai gidan ta Kanada ce ta turo shi. Da na iso ƙarfe goma na tarar da jakar Hiske a bakin ƙofa. Ta ce ba ta son zama nauyi a kan kowa, gidan da matan nan na birni ke sauke irinta a cike yake sai an jira, Auke kuma yana ta aiko saƙo ta hannun 'yar'uwarsa, wai yana kuka, wai ya canza. Ta ce za ta koma, ta gode, shi ke nan. Baukje, na taɓa jin wannan kalmar da irin wannan muryar, kuma na san inda ta kai. Sai na yi ƙarya. Ni da ban taɓa rage wa saniya shekara a kasuwa ba, na ce kin yi mini waya, kin ce an fasa sayarwa, ta zauna iya son ranta, har kina gaishe ta. Ta dube ni ta ce, “Da gaske ita ta faɗa?” Na ce, “Da bakinta.” Ta zauna a kan jakar ta yi kuka, sannan ta kwashe kayanta ta mayar cikin akwatin Inna. Da zan tafi ta nemi adireshinki don ta yi miki godiya. Na ba ta. Katinta yana hanya, wataƙila ma ya riga takardar nan, tunda ita ba ta kwana uku a kan shafi ɗaya.

Rabin gidan naki ne, ban musa ba, kuma kina iya tona mini asiri da layi ɗaya. Tun ranar da kika tafi ban roƙe ki komai ba, na yi ta ƙorafi dai, amma roƙo ban yi ba. Yau ina yi. Ki sallami dillalin nan, kuma idan katinta ya zo ki amsa mata kamar ke kika faɗi abin da na ce kin faɗa. Idan kina da faɗa, ki aiko mini da shi a ambulan daban, zan karanta duka. In kuma likitan naki ya sassauta, ki zo da bazara. Ba wanda ya rage a nan da ya san Renske tana jaririya sai ni, kuma na gaji da tunawa da ita ni kaɗai. Ina so in zauna da wanda zai ce mini, a'a, ba haka aka yi ba, ka manta.

Ki gaishe da mijinki Gerrit, ki ce masa har yanzu ban yafe masa ɗauke ki ba amma ina masa fatan lafiya. Ki gaishe da 'ya'yanki Tineke da Jelle da jikokin nan masu sunayen da harshena ya kasa. Douwe da matarsa suna gaishe ki. Ina jiran amsarki, amma ita ta fi ni buƙata, don haka ki fara rubuta mata.

Yayanki,
Sjoerd