Farin Fulogi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Ɗana Nazeer ya sayo babur mai ƙafa huɗu. Bai shiga lungunmu na Madabo ba, sai a bakin titi aka ajiye shi. Ya ce yana so a ƙara wa injin ƙarfi kafin tseren da shi da abokansa za su yi a wani fili bayan gari. Mai shekara talatin da ɗaya, matarsa Ikram da cikin wata bakwai. Na ce ban yarda ba. Ya ce to, Baba. Irin "to" ɗin da na sani.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ya miƙo min waya in zaɓa masa: salansa, ko babban fistan, ko sabuwar kafireta. Shekara ashirin da takwas ina koyar da aikin inji a makarantar fasaha, babu wanda ya tambaye ni ko da girman kusa tun da na yi ritaya. Yau an tuna da ni, don in taya ɗana neman karaya. Na mayar masa da wayarsa.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ya kai wa Ismail bakanike. An sa salansa mai faɗin baki, an cire matatar iska an yar. Daga zaure nake jin rurinsa. A garin nan duk abin da ya yi ƙara, an ce ya yi ƙarfi.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Jummai, mahaifiyarsa, ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, ba kuma za ta nuna ta damu ba. Tana tsintar shinkafa ta ce, "Malam, wancan na waje, lafiya yake kuka haka?" Ban san ko babur take nufi ba.

Talata, 15 ga Oktoba
Bayan la'asar na wuce ta wajen Ismail, na ce masa ya kwance min fulogin babur ɗin. Fari fat, kamar alli. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Injin zai yi zafi, fistan ya kame yana cikin gudu, ƙafafun baya su tsaya cak, mai tuƙi ya wuce ta sama. Na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce boko ne, Baba, shi da kunne yake aiki.
Maganin na sani: a mayar da matatar iska, a faɗaɗa ƙofar mai a kafireta. Sai dai in na gyara, gudun ƙaruwa zai yi. In na bari, ya kame. Duk inda na juya ɗana ne a kai.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Na sake roƙon Nazeer ya fasa tseren. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya riga ya ba da suna.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Bayan an sauko daga masallaci na ciro akwatin sifanuna. Sun yi tsatsa. Hannuna ba ƙarfi kamar da, don haka Nazeer ya riƙe, ni ina faɗa. Sau uku muna kwancewa muna ɗaurawa. Bai yi min musu ko sau ɗaya ba. Da fulogin ya fito ruwan ƙasa, ya ce, "Baba, ashe haka kuka iya?" Na ce ya ɗaure birkin gaba, ya bar surutu.
Da hannuna na ƙara masa gudu. Allah na tuba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Ya fita da hantsi. Jummai ta share tsakar gida sau biyu. Ni na zauna a zaure da jarida, ban karanta layi ɗaya ba.
Dab da magariba na jiyo injin daga nesa, lafiyayye, babu tari. Ya shigo da ƙafarsa, gwiwar hannu a kuje. Na huɗu ya zo. Ya ce akwai wani tseren wata mai zuwa.
Ban ce na yarda ba. Na dai tambaye shi a wace giya suka wuce shi.