Takalman Nura a Gindin Dutse

Assalamu alaikum Yaya Habi,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Ya zafin Maiduguri, ya kuma ciwon gwiwarki? Mu nan sai godiyar Allah. Gero bai yi ba bana, amma muna taɓawa.

Yaya, abokan Nura sun zo ranar Asabar. Kin san yadda suke haɗuwa duk ƙarshen mako su hau dutsen nan na hanyar Makoda. Ashe a gindinsa suke cire takalma su cusa a wani kogo, wai roba santsi take yi, ƙafa ce ke kama dutse. Ranar da zazzaɓi ya rufe Nura a can sama, goya shi suka yi har wurin babur, ba wanda ya tuna da takalmi. Tun rasuwarsa ba su koma ba sai yanzu.

Amininsa Bala ya durƙusa ya miƙo mini leda, ya ce, "Inna, suna nan inda ya ajiye su." Damina ta ɓata su, amma shatin yatsunsa yana nan.

Babansa ya ce a bayar sadaka kamar sauran kayansa, ga mutane suna yawo ba takalmi bana. Gaskiya ya faɗa. Na kai su har ƙofar maƙwabta, na juyo da abina. Ya kuwa gan ni.

Ki roƙa wa ɗana gafara. Ni kuma ki roƙa mini Allah ya ba ni ikon bayarwa, don har yanzu hannuna ya ƙi. Ki gaida Goggo da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi