Layin da Na Kasa Gani

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Yaya 'yarmu mai jego, yaya kuma baƙuwarmu? Allah ya raya ta. Ki yi haƙuri da manyan haruffan nan, alƙalamin ne ba ya jin magana.

Akwai abin da ya dame ni, ba kuma wanda zan iya faɗa wa sai ke. Kin san mai gidan burodi na ƙarshen layinmu. Sandar injin kwaɓa fulawarsa ce ta cinye, ya kawo min sabon ƙarfe in sassaƙa masa wata. Inda boris zai zauna, wato zoben da sandar ke juyawa a cikinsa, dole kaurin ya zama milimita ashirin da biyar cif. Aikin da ko barci nake zan iya yi.

Na sassaƙa har na kusa, na ɗauko baniya, ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da kike tsokanata kina cewa na fi shafa shi fiye da kan 'ya'yana. Idan ya kama ƙarfe, sifilin ƙaramin ma'auni mai zamewa shi ke nuna cikakkun milimita a jikin babban. Ɗan abin da ya rage kuwa, sai ka bi ƙananan layuka ka nemo guda ɗaya tak da ya miƙe daidai da wani layi na sama. Guda ɗaya, Maman yara. Ni ranar sai na ga kusan rabinsu sun miƙe. Na goge ma'aunin, na fita rana, na kanne ido. Daga ƙarshe na yi abin da nake korar mutum a kansa: na yi cinta. Na ɗauki layi na huɗu, ashe na biyu ne. Na cire ƙarfe fiye da kima, ƙarfe kuwa in ya tafi ba ya dawowa.

Da aka zo sa boris, sai ya zurma kamar zobe a yatsan mara lafiya. A gaban mutane. Kafin in buɗe baki mai burodi ya ce ai ƙarfen yanzu ne ba shi da kirki, wai wa ya taɓa jin na yi kuskuren awo? Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Tandarsa a kashe take, ma'aikatansa suna zaune a gida, shi kuma yana can yana zagin wanda ya sayar masa da ƙarfe. Yanzu ta bayan layi nake zagayawa zuwa wurin aiki. Abinci ma ba ya shiga.

Ki gaida surukinmu. Kada ki faɗa wa kowa.

Naki,
Baban yara

Zuwa ga Maman yara,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. Saƙonki ya iso, faɗan da ke ciki ma ya iso, bai zube a hanya ba. Kin yi gaskiya, alƙalami bai yi laifin komai ba.

Na je asibiti. Likita ta ce yanar ido ce ta fara rufe idanun biyu, tabarau ba zai yi magani ba sai aiki. Daga can ban biya gida ba, na wuce gidan burodi ta ƙofar gaba. Na same shi zaune kan buhun fulawa. Na faɗa masa ƙarfensa lafiya lau yake, idona ne. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "To ai ni nawa idon ƙalau yake. Hannun naka fa, shi ma ya yi yana?"

Washegari ya zo da wani ƙarfen. Na koya masa ya fara rufe muƙamuƙin ya ga sifili ya hau kan sifili, ya share ɓurɓushi, ya kama ƙarfe ba tare da matsewa ba, ya kuma kalli layukan ido da ido, don wanda ya leƙa daga gefe ƙarya zai karanto. Da farko daga bakin ƙaramin ma'aunin yake karantawa maimakon daga sifili, sai da na bugi hannunsa. Ina sassaƙa, ina tsayar da inji, shi yana karanto min layi, da fulawa a girarsa.

Masu walda da mai facin taya duk sun taru a ƙofa suna kallon mai burodi yana yi min awo. Ba wanda ya yi dariya, amma na ji kamar an tuɓe min riga a kasuwa. Da muka ɗora boris, sai da guduma ta lallashe shi kafin ya zauna daram. Mutanen suka yi ta tafi, ni ko kaina ban iya ɗagawa ba.

Na kuma je wurin mai sayar da ƙarfe na wanke shi. Wannan ta fi duka nauyi.

An ce in zo aikin ido da wanda zai riƙe min hannu zuwa gida. Mai burodi ya ce shi zai raka ni, na ce a'a, abin da ya gani ya isa haka. In mai jego ta yi ƙwari, ki taho.

Naki har kullum,
Baban yara