Sunan da ke Gefen Shafi

Damagaram, 4 ga Yuli, 2005

Zuwa ga aminina Suma'ila,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Wasila da yara. Ya zafin Yamai?

Bayan haka, ina sanar da kai, ka kuma sanar da dangi, cewa na faɗi jarrabawar rubutu ina da shekara hamsin da huɗu. Wanda ya kayar da ni bai fi sabulun wanki girma ba.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke mu aikin rubuta sunayen yaran da yunwar bana ta kama, don a ba su garin kunu. Aka ba kowa 'yar na'ura ta riƙewa a tafin hannu, da tsinken roba, wai ka yi rubutu a gilashinta ta karanta. Na zana mata rubutun nan da malaminmu Mushe ya koya mana da bulala a lakwal, makarantar boko ta Birni, ta ce ba ta gane ba. Sakina, wadda na koyar a aji uku, ta nuna mini ƙananan haruffan da ake tsikara ɗaya-ɗaya, kamar kaza na tsintar gero, in da akwai geron. Na ce na gode. Na roƙa a bar ni da littafi da alƙalami, sakataren biro, wato ofishinmu, ya shigar da sunayen a na'ura daga baya. Aka yarda saboda furfurata.

Shekara goma kana ce mini in koyi buga haruffa. Kada ka sake.

Naka, Ɗanlami

Garagumsa, 16 ga Yuli

Suma'ila,

Ina gaishe ka da iyali. Ya jikin Wasila? Allah ƙara sauƙi.

Rumbuna a nan wayam. Mata na dafa ganyen da a da awaki kawai ke ci. Ni kuwa shafukana fes, kowane gida na ja masa layi a ƙasa.

Jiya wata mace mai suna Rabi ta ce ɗanta ɗaya, jaririn da ke bayanta. Na rubuta, na ja layi. Sai maƙwabciyarta Ladi ta raɗa mini cewa akwai ɗan fari, Muntari, ɗan shekara huɗu, yana kwance wurin kakarsa. Ka san kunya ba ta barin uwa ta ambaci ɗan fari. Ban so in ɓata shafi da gogewa ba, sai na rubuta shi a gefe. Da ka ga rubutun, da ka yaba. Na'urar Sakina ina ta san kunya?

Naka, Ɗanlami

Damagaram, 9 ga Agusta

Suma'ila,

Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Sakataren abin da ke cikin layi kawai yake shigarwa, ba ya duba gefe. Ba laifinsa ba ne, haka aka umarce shi. Motar gari ta je Garagumsa da rabon yaro ɗaya na gidan Rabi. Mai goyo da ɗan fari suka yi ta raba kofi guda. Kafin a gano a gyara, Muntari ya rasu ranar Talatar da ta wuce.

Na tambayi Sakina, da a na'ura ne fa? Ta sunkuyar da kai ta nuna mini: tsikara ɗaya, a koma baya, a ƙara yaro. Babu shafin da zai ɓaci.

Na je ta'aziyya. Rabi ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma faɗi sunansa ba. Ladi ce ta ce mini Rabi tana roƙon takardar nan, don nan kaɗai aka taɓa rubuta shi. Na yaga na ba ta. Ba ta iya karatu ba. Na ɗora mata yatsa a wurin, ta daɗe tana kallo, ta ce rubutun ya yi kyau.

Gobe Sakina za ta fara koya mini tsintar gero.

Kai ke da gaskiya, Suma'ila. Ni na yi kuskure. Ka yi masa addu'a da sunansa.

Naka, Ɗanlami